Gashin Karen Dabo

Mairo ce ta fara ganin gawar. Ta kai wa mijinta Nababa koko a bakin kududdufin da ke bayan Tsaunin Makera, wani ƙauye a ƙasar Shanono, inda yake sana'arsa ta wankin karnuka, sai ta tarar da shi kife a cikin laka. An sare shi da adda a ƙeya, an ƙara masa a kafaɗa har ƙashi ya fito fari. Yatsunsa biyu suna yashe can gefe, alamar ya kare da hannu. A jikin turken da yake ɗaure karnuka kuwa, ga wani baƙin kare a jiƙe, an ɗaure masa baki da igiya, yana ta makyarkyata.

Shekarun nan ne da ɓarayin shanu suka hana mutane sakat. Duk gidan da ke da ko tunkiya ɗaya sai da ya nemi kare, har gidajen da a da ko inuwar kare ba sa so. Karnuka suka yi yawa, kaska da ƙuma suka yi musu yawa, Nababa tsohon maharbi ya sami abin yi. A shekarun kuma mutane sun daina jiran kotu.

Ko da ɗan sanda Sajan Muntaka ya iso a kan babur ɗinsa, shi kaɗai, an riga an yanke hukunci. An ɗaure mai karen, wani manomi da ake kira Dabo, a gindin tsamiyar kasuwa. An fasa masa kai, ido ɗaya ya rufe, hannunsa na hagu yana lilo a inda babu gaɓa. Wani ya gangaro da tsohuwar taya, wani yana riƙe da galan ɗin fetur. 'Ya'yan Dabo mata suna leƙe ta kafar danga. Muntaka ya gan su, ya tuna nasa 'ya'yan ma kamarsu ɗaya, ya kawar da kai.

Shugaban 'yan sintirin ƙauyen, Ɗanliti, ya tare shi da gora a hannun hagu, yana zufa cikin wata rigar sanyi mai dogon hannu.

"Yallaɓai ka makara, mun gama maka aikin. Karensa ne a turke. Duk garin nan an san Nababa ba ya wanke kare sai mai shi yana tsaye. Ranar kasuwa kuma kowa ya ji shi yana cewa sai ya ga bayansa."

"To madalla," in ji Muntaka. "Amma gawar Musulmi tana kwance a laka, ku kuna nan kuna neman ashana? A fara suturta mamaci. Wannan ai ba inda za shi."

Liman, Malam Sama'ilu, ya ce gaskiya ne. Aka yi gunaguni, aka ajiye galan ɗin, amma ba a yi nisa da shi ba. Muntaka ya san iyakar lokacinsa ke nan. Da an dawo daga maƙabarta za a cinna wa Dabo wuta, bindigarsa guda ba za ta hana ba.

Ya tafi kududdufi, ya sa aka kira Mairo. Ta zo mata biyu na riƙe da ita. Ya bari aka ɗauke gawar tukuna, sannan ya tsuguna kusa da karen.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, dole ce ta sa. Faɗa mini yadda yake aikinsa, daga farko."

Ta share fuska da gefen mayafi. "Dokokinsa ne suka fi karnukan yawa, Yallaɓai. Ba a aiko yaro ko ƙane, mai kare shi zai kawo abinsa. Kada a ba kare abinci kafin a zo, don maganin kaska na sa shi amai. Mai kare ne zai sa masa takunkumi da hannunsa, ya riƙe kan har a gama. In karenka ya ciji wani a nan, kai ka sani."

"Takunkumin, igiya ce?"

"Wace igiya? Na fata ne, shi ya ɗinka abinsa. Ga su can a rataye a jikin marke."

Muntaka ya duba. Suna nan a rataye, a bushe.

"Daga ina yake fara wanki?"

"Daga wuya. Sai ya zagaye wuyan da magani, don kada ƙuma ta gudu cikin kunne da ido. Sannan ya gangara."

Muntaka ya shafa wuyan karen. A bushe yake ƙayau. Gadon baya kawai aka sheƙa wa magani, kamar wanda ya tsaya daga nesa ya watsa bokiti. Idon karen ɗaya ya kumbura, an doke shi da abu mai nauyi. Da ya ɗan ɗaga leɓensa ta ƙarƙashin igiyar, sai ya ga busasshen jini a tsakanin haƙora. A bayan kunne kuma ga wani wuri kamar faɗin kwabo da aka yanke gashi, yankan wuƙa, har an ɗan kwashi fata.

"Wannan fa? Askinsa ne?"

"Ba ya aski sai kare ya bushe. Kuma da almakashi yake yi. Gashin ma tarawa yake ya binne, ba ya barin kowa ya ɗauki ko sili."

"Jiya wani abu ya faru?"

Ta ce, "Da yamma wani ya zo ƙofar gida da kare. Ina daga ciki, ban ga ko wane ne ba, ƙasa-ƙasa yake magana. Na dai ji shi maigidan yana cewa, 'Ba zan wanke ta ba, ba taka ba ce. Wannan jar karyar Siddi ce, ni na ɗinke mata kunnen nan.' Da ya shigo ko tuwo bai ci ba. Ya ce yau in ya tashi aiki wurinku za shi. Na ce wane ne, ya ce in na sani na shiga uku."

Muntaka ya san Siddi. Shi ya je rugarsa bayan sallar layya, ya tarar da shi da 'ya'yansa maza an yi musu yankan rago, an kore shanun, ba a bar ko kare ba.

Ya komo gindin tsamiya, ya durƙusa gaban Dabo, ya ba shi ruwa.

"Ka ce sai ka ga bayan Nababa?"

"Na ce, Yallaɓai." Da ƙyar maganar ke fita, haƙoransa na gaba sun zube. "Tun daga gona na jawo kare, ya shinshina bakinsa ya ce na ba shi tuwo, in koma sai wani satin. A gaban mutane. Raina ya ɓaci. Wallahi baki ne kawai."

"Yau ina kake?"

"Gonata ta fadama. Na ɗaure karen a bukka na shiga cikin dawa. Da na fito ban gan shi ba. Ina cikin nemansa suka rufe ni."

"Wa ya gan ka a can?"

"Allah."

Muntaka ya janye masa hannuwan riga, ya duba ƙafafunsa, ya ɗaga rigar. Shatar gora ko'ina, amma babu wurin haƙori.

"Karen naka yana yarda wani ya taɓa masa baki?"

"Ko matata ba ta isa ba."

Saura Malam Sama'ilu, wanda aka ce ya taɓa kai ƙarar Nababa wurin dagaci. Muntaka ya same shi a zaure yana yanka likkafani.

"Na kai shi ƙara, ban ɓoye ba," in ji Malam. "Ruwan maganinsa ya kashe mini albasa. Aka sa ya haƙa rami, magana ta mutu. Yau kuwa tun da aka idar da asuba ina gidan suna, sai ihu ne ya tashe mu. Tambayi duk wanda ya ci waina."

Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu yana auna farin yadi. Fatar lafiya lau. Muntaka ya tsaya yana kallon hannun nan, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, alfarma ɗaya. In an fito da gawa, ka ce kowa ya sake alwala a nan fili, a gabanka."

Aka fito da makara rana ta take. Malam ya ce an sha hayaniya da zage-zage tun safe, ba a tsayawa a kan mamaci haka, kowa ya sabunta alwala. Aka jero butoci. Maza suka tsuguna suka naɗe hannuwa, Muntaka yana bin layi a hankali kamar mai neman buta. Mutum ɗaya ne bai tsuguna ba.

"Shugaba, ga buta," in ji Muntaka.

"Ina da alwala," in ji Ɗanliti.

Wani tsoho da ke wanke ƙafa ya ɗago. "Kai Ɗanliti ji tsoron Allah. Ba yanzu na gan ka tsugune a bayan kuka ba? Ko addu'a kake yi wa tururuwa?"

Aka yi dariya kaɗan. Ɗanliti bai yi ba. Muntaka ya matso kamar zai miƙa masa butar, ya cafki damtsensa na dama ya matse. Ƙarar da Ɗanliti ya yi sai da ta tashi tsuntsayen tsamiya. Ya kawo gora da hagu, ta sami Muntaka a gefen kai, jini ya tsinke masa. Muntaka bai saki ba. Ya sa masa ƙafa suka faɗi tare, ya danne masa wuya da gwiwa, ya kama hannun rigar sanyin ya keta har kafaɗa.

An naɗe hannun da tsumma. Da ya warware, ga ramukan haƙora sama da ƙasa, nama ya tsage, an cusa baƙar toka a ciki. Ƙaurin ƙonannen gashi ya bugi na kusa.

Muntaka ya ɗago hannun kowa ya gani, jini na bin kuncinsa.

"Jama'a, in kare ya ciji mutum, me muke yi tun iyaye da kakanni?"

Tsohon nan ya amsa a hankali, "A yanko gashin karen da ya yi cizon, a ƙona, a sa a ciwon."

"To ku je ku duba bayan kunnen karen Dabo. Nababa bai taɓa karen nan yau ba. Da shi ne, da takunkumin fata za ku gani ba igiya ba, da wuya ne zai jiƙe ba gadon baya ba. An kashe Nababa tukuna, sannan aka sato karen daga bukka aka kawo shi turke, aka watsa masa magani, don an san dokarsa, an san za ku ce mai karen yana wurin. Amma karen Dabo ba ya ba baƙo bakinsa. Wanda ya ɗaure shi ya sha cizo. Ya iya kashe mutum da adda, amma ya ji tsoron haukan kare, ya kasa tafiya sai da ya yanki gashi."

"Ƙarya ne!" in ji Ɗanliti daga ƙasa. "Karen wani gari ne ya cije ni a wurin sintiri!"

"Ka bi shi har garinsu ka roƙi gashi? Malam, a tura dattawa gidansa. A duba ko akwai jar karya mai ɗinkakken kunne."

Ba a daɗe ba suka dawo. Sun same ta ɗaure a cikin rumbun da babu hatsi, tare da adda da aka wanke amma jini ya maƙale a ƙotarta. Wata mai tallar nono ta kutsa cikin maza ta dubi karyar, ta dafe ƙirji ta ce ta Siddi ce.

"Nababa ya gane ta jiya," in ji Muntaka. "Wanda ke riƙe da karyar Siddi ya san wanda ya yanka Siddi. Shi ya sa bai bar shi ya iso wurinmu ba."

Sai Muntaka ya ji ƙarar taya ana gangaro ta. Mai galan ɗin fetur ya riga ya buɗe murfi. Dutse na farko ya fasa wa Ɗanliti baki, na biyu ya sami Muntaka a haƙarƙari.

Ya zaro ankwa, ya ɗaura ɗaya a hannun Ɗanliti, ɗaya a nasa, ya cilla makullin cikin aljihun Malam Sama'ilu.

"Duk mai zuba fetur ya zuba mana tare," in ji shi. "Ɗazu ma haka kuka tabbata."

Mai galan ya dubi tsamiya. Kowa ya dubi tsamiya. Dabo yana nan a ɗaure, kansa ya rataya a ƙirji, ƙudaje sun rufe masa fuska. Ba wanda ya tuna ya kwance shi. Malam ya ɗauki wuƙar da ya yanka likkafani da ita, ya ratsa mutane, ya yanke igiyar. Dabo ya zube ƙasa kamar buhu. Malam ya kara kunne a ƙirjinsa, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Da ransa. Wa ke da mota?"

Mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar hatsi, ya ce tasa na nan, amma tun jiya ba fetur a cikinta. Mai galan ya tsaya da abinsa a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ya mayar da murfin, ya bi bayan mai kurkurar da gudu.