Shuɗin Gilashin Ofishin Ƙanƙara

A unguwar Mansura da ke Doha, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu mai yawan tunane-tunane. Ko gajimare ta gani, sai ta ƙirƙira masa labari.

Wata safiya, Malama Nafeesa ta kai ajinsu ziyara wani tsohon gini. Ginin ƙarami ne, ya maƙale a tsakanin dogayen benaye masu ƙyalli.

"Da can, kafin firiji ya shiga gidaje, akwai masana'antar ƙanƙara a nan," in ji Malama. "An rushe ta tuntuni. Ofishinta kaɗai ya rage. Yalla, maza ku shiga. Kallo da ido, ban da taɓawa."

Cikin ofishin akwai sanyi da ƙamshin tsohon katako. Tagarsa kuwa ƙananan gilasai ne, ja da kore da shuɗi. Rana ta ratso su, launuka suka kwanta a ƙasa kamar darduma.

Yarinyar ta tsaya cikin shuɗin hasken. Sai ta ji kamar tana ƙarƙashin teku. Ta lumshe ido. Ga masunta sun yi layi suna jiran ƙanƙara. Ga ruwa yana ɗiga daga amalanken ƙanƙara, yara suna binsa suna tara hannu.

Da ta buɗe ido, kowa ya fita. Ta taɓa shuɗin gilashin, ta ji yana motsi. Ta ja shi a hankali, ya fito. Ta sa a aljihu.

A gida ta ɗaga shi a taga, ta lumshe ido. Babu masunta, babu amalanke. Ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai take ji.

Washegari a makaranta ta tarar da ƙawarta Sumaiya, 'yar aji uku, ta kifa kai a tebur.

"Me ya faru?"

"An fasa tafiyarmu ofishin ƙanƙara," in ji Sumaiya tana kuka. "Wai wani ya cire gilashin taga. An ce khalas, shi ke nan, ba za a ƙara barin yara su shiga ba. Ni ban ma taɓa gani ba!"

Yarinyar ta juya ta koma ajinsu. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Da yamma ta je wurin mahaifinta, ta buɗe tafin hannunta.

"Abba, ni ce na ɗauka. Na so in riƙa ganin abin da na gani a can. Amma a nan ba ya nuna komai."

Abba ya dubi gilashin, ya dube ta.

"Kin yi laifi, 'yata. Amma kin kyauta da kika faɗa. Gobe za ki gaya wa Malama da bakinki. Ranar Asabar kuma mu mayar."

Haka aka yi. Ranar Asabar suka tarar da Baba Wahid, dattijon da ke kula da ginin, yana zaune yana kallon ramin tagar.

"Baba, ka yafe mini," in ji yarinyar.

Ya karɓi gilashin da hannu biyu.

"Mahaifina a kan teburin can yake aiki," ya ce. "Ina ƙarami nake kawo masa abinci, in zauna cikin shuɗin nan ina jiransa. Tun da aka cire, in na shigo ba na jin yana kusa."

Hawaye ya zubo mata.

"Share hawayenki, jikata. Zo ki riƙe mini."

Ta riƙe gilashin, shi kuma ya manne gefensa da kyau. Shuɗin haske ya sake sauka a ƙasa. Baba Wahid ya miƙa hannu cikinsa, ya yi murmushi.

Mako na gaba aka bar 'yan aji uku suka zo. Baba Wahid ya ce yarinyar ce za ta zagaya da su. Sumaiya ta tsaya a gaban tagar, baki buɗe.

"Kai! Ashe haka yake da kyau!"

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa kayan tarihi ba na mutum ɗaya ba ne. Na kowa ne, har da waɗanda ba su zo ba tukuna. Don haka a bar su inda suke, a kuma kula da su.