Waƙar da Nani Ta Ajiye wa Inaya

"Sadique, me ka yi wa waƙar Nani?!"

Ko sallama Inaya ba ta yi ba. Tun daga Birmingham ta hawo train zuwa studio ɗinsa a unguwar Gorton, inda yake haɗa wa finafinan Hausa kiɗa. Saura wata guda aurensu.

"Sanyin idona, zauna tukuna..."

"Ba zan zauna ba!"

Mahaifin Inaya Bakano ne, mahaifiyarta 'yar Punjab. Kakarta ta wajen uwa, Nani, tana da tsohuwar waƙar ƙauyensu da ake rera wa amarya a bakin ƙofa ranar barin gida. A hankali ake jan ta, kowa na hawaye. Da ita aka raka Nani, da ita ta raka 'yarta. Sau ɗaya Inaya ta rera wa Sadique a waya. Shi kuwa, irin yaran yanzu da ba su san abin da ake tambaya kafin a taɓa ba, ya ɗauke karin, ya ƙara masa sauri, ya zuba ganga da baitin Hausa, aka yi rawa da shi a fim.

"Kowa haka yake yi, Inaya. Masu kiɗan fim ɗin Indiya ma daga ƙauyukan Punjab suke kwasowa."

"Kowa zan aura? Ka tambaye ni?"

"Zan sa sunan Nani a credits, cikin jerin sunayen ƙarshen fim ɗin..."

"Credits! Matar da ta rabu da uwarta da waƙar nan, ba ta sake ganinta ba?"

"Wallahi na roƙi producer a cire. Ya ce ta riga ta bazu a wayoyi."

Sadique ya je Sparkbrook, unguwar da Nani take zaune, ya durƙusa gaban tsohuwar. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ta yafe.

Aka ɗaura aure. Da za a fita da amarya, Nani ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe hannun Inaya, ta ja karin farko.

Sai wata ƙawar amarya ta yi ihu, "Wayyo, waƙar fim ɗin nan ce!"

'Yan mata suka kama tafi da sauri, suna rera baitin Sadique, har da masu kaɗa kafaɗa.

Nani ta katse waƙar. Ta gyara wa jikarta mayafi, ta koma ciki.

A mota Sadique ya ce, "Inaya..."

"Don Allah ka ja mu tafi," ta ce, hawaye na zuba.