Hantar Akuyar Inna Rahamatu

Ranar da Zaituna ta fara ganin Kamilu, hannunsa dumu-dumu yake da kashin akuya. Yana tsugune a gindin tsamiyar Birchi yana murje shi cikin kwanon ruwa, mata da maza sun yi masa zobe suna leƙe. Nan masu 'yan awaki da tumaki suke haɗuwa duk Alhamis, babu malami babu ɗalibi, kowa ya kawo dabbarsa mai ciwo a duba tare.

Zaituna ta toshe hanci da gyale.

"Matso mana, 'yammata," in ji shi. "Kashin akuyar da kika kawo ne fa. Mi kika gani ciki?"

"Ƙazanta."

"Sake dubawa."

Ta duba a yatsine, sai ga 'yan fararen abubuwa suna motsi. Ta ɗago, idonta ya faɗa cikin nasa, kuma gaskiya idon ya fi hannun kyan gani nesa ba kusa ba.

Kafin damina ta raba, akuyarta ta murmure, ita kuwa ta kamu da sonsa. Rannan saƙo ya shigo wayarta: "Zaituna tawa, yau na wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari. In zo hira?" Ta mayar: "Zo, Sarkin Ƙazamai. Amma daga nesa za ka zauna."

Da magana ta kai gaban mahaifinta, Malam Ubaidullahi, sai ya tofar da yawu.

"Wanga yaro mai wasa da kashin bisashe? Da wannan hannun zai ci tuwo da ɗiyata? Allah ya sawwaƙe!"

Shi nasa zaɓin Ja'afar ne, dillalin awaki mai tukubar tsire a Dutsin-Ma. Kullum farar shadda, turare kamar an yi ɓarinsa, kuma ba ya zuwa gaisuwa sai da ƙunshin gasasshiyar hanta. Shi ya ƙara wa Malam gishiri cewa har mushe ake feɗewa a taron gindin tsamiya. Malam ya kafa doka: ba ita ba tsamiya, ba ita ba Kamilu.

Alhamis ta zagayo, Zaituna ta saci jiki. Malam ya biyo sawunta, sanda a hannu.

Ya tarar an ajiye faranti a tsakiya, da hanta a kai. Wata dattijuwa, Inna Rahamatu, tana bayani: akuyarta ta yi ta ramewa har ta kasa tashi, jiya ta sayar wa Ja'afar, amma ta roƙe shi rabin hantar don a ga abin da ya cinye ta.

Malam ya tsaya cak. Jiya-jiyan nan Ja'afar ya kawo masa hanta, rabi.

Kamilu ya miƙa wa Zaituna wuƙa. "Yau ke za ki yanka."

Ta tsaga. Hantar ta yi tauri, ta yi fari-fari, sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganyen zogale suna sulɓowa ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa suna lanƙwasa cikin wani baƙin ruwa mai wari.

"Ɗayan rabin fa?" Malam ya tambaya.

"Ja'afar ya ce na surukinsa ne, Malam," in ji Inna Rahamatu.

Bai kai bayan tsamiyar ba amai ya ƙwace masa. Ya yi ta kelayawa har hula ta faɗi. Mutane suka ja baya suna toshe hanci. Kamilu kaɗai ya matso, ya riƙe masa kafaɗa, ya zuba masa ruwa a buta, sannan ya ɗebo ƙasa ya rufe wurin.

Bayan girbi aka ɗaura auren Zaituna da Kamilu. Da za a tafi da amarya, sai ga Malam ya fito janye da wata tunkiya duk haƙarƙari a waje.

"Ta daɗe tana ramewa, ina ɓoye ta don kunya," ya ce. "Ban san mi ke damunta ba. Ranar Alhamis zan kawo ta, ku ajiye mini wuri a tabarma."

Zaituna ta fashe da kuka cikin lulluɓi. Ya ɗora hannu a kanta, ya jawo na Kamilu ya haɗa.

"Ga amanata nan. Allah ya yi muku albarka, ya yalwata garkenku."