Kwanan Watan da Ya Ƙi Gyaruwa

Buraima maci amana ne. Ana jana'izar Fadil, maigidan da ya koya masa gyaran kwamfuta a Asawase, shi yana kwashe kayan shagon.

Wata magariba wani dattijo ya shigo da tsohuwar kwamfuta, fuskarsa a rufe da rawani, jikinsa na ƙanshin kafur.

"Masta, duba mini. Kuka take yi, ta ƙi tashi."

Buraima ya canza ƙaramin batirin da ke kan allon cikinta. Ta tashi, amma kwanan watan ranar binne Fadil ta nuna. Ya gyara, ta koma. Sannan ya lura bai jona ta da wuta ba.

"Haka na koya maka, ɗana?" in ji dattijon.

Ya gane muryar.

Tun daga ranar hannuwansa biyu suka shanye. A baki ake ba shi abinci.