Abin Da Ta Binne A Tsibiri

"Na ce ba zan rantse ba, Yaya Sanda!"

Khairunnisa ta miƙe tsaye a falon yayanta da ke unguwar Al Ras, a ƙasar Larabawa, idanunta jawur. Saura wata guda aurenta da Mubashir, ga shi tsaye a bakin ƙofa, ga mahaifiyarsa Hajiya Asama'u zaune da waya a hannu.

Hoton Khairunnisa ne a wani tsibirin Scotland, durƙushe gindin dogon dutse, hannunta cikin rami, bayanta bishiya cike da tsummoki. Hadijatu ce ta turo shi, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana son Mubashir.

"Me kika binne wa ɗana?" in ji Hajiya.

"Wasa ne, Hajiya! A ɓoye ɗan gwangwani, waya ta kai mutum wurin, ya rubuta sunansa ya mayar. Duwatsun na kakanninsu ne, tsummokin al'adarsu ce, ban ɗaura ko ɗaya ba. Tsohuwar da ta sauke mu, mu 'yan jami'a, har waƙar saƙa ta yi mana da yarensu na Gelik, tana hawaye don jikokinta ba sa jinsa..."

"Khalas! Ya isa!" Sanda ya katse ta. "Dafa Alƙur'ani a wuce wurin, ko a fasa."

"Wadda ta yi ƙazafi ta dafa. Ni nunawa zan yi, don a nan garin ma akwai irin gwangwanin."

Ta yi daidai. Mutanenmu sun iya yanke hukunci da hoto, tambaya ce ke yi musu wuya.

Mubashir ya buɗe ƙofa.

"Yalla, mu je, habibti... ina bayanki."

Da la'asar sakaliya suka ratsa shagunan kayan ƙamshi har bakin ruwa. Khairunnisa ta duba waya, ta nuna ƙarƙashin wani benci.

"Sa hannu da kanki, Hajiya."

Hajiya ta yi bisimilla sau uku, ta zaro gwangwani. Fensir ne ciki da ɗan littafi cike da sunayen baƙi. Tana buɗawa ta tsaya cak.

"Mubashir! Wannan ai rubutunka ne. Kai ma bokan ne?"

"Ita ta koya min, Umma."

Sanda ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta daɗe tana kallon yarinyar da ta ƙi sauke ido.

"Taurin kai gare ki, 'yar nan."

"Gaskiya gare ni, Hajiya."

Hajiya ta lashi bakin fensir, ta ɗora littafin a cinya, ta rubuta a hankali: Asama'u da surukarta.