Motar Bici Ta Dawanau Take Bi

Gonar Mika'ilu tana jikin firamaren ƙauyensu, kusa da Zakirai. Yana roron wake ya ji sabuwar malama tana koya wa yara noman tuffa. Ya leƙa ta taga.

"Malama, a cikinsu wa ya taɓa ganin tuffa?"

"Haka littafin ya ce," in ji Nazira, tana murmushi. "Shi ya sa nake son digiri, in shiga cikin masu duba makarantu da gyara abin da ake koyarwa."

Daga ranar, waken bakin tagar nan ya ƙi ƙarewa.

Soyayya ta yi nisa, sai makarantu biyu suka ba ta gurbi, Bici da Zariya. Mahaifinta, Malam Shafi'i, ya ce 'yarsa ba za ta zauna wani gari babu miji ba. A Zariya ba su da kowa. A Bici kuwa akwai Kamaruddeen mai shagon taki, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa. Nan da nan gari ya yanke: in ta ce Bici, Kamaruddeen ta zaɓa.

Nazira ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tura wa Mika'ilu saƙo:

"Manomina, Bici ta fi kwanta mini. Me ka gani?"

"Allah ya sanya alheri. A gaida mai taki."

"Makaranta na ce, ba mutum ba."

"A garin nan an ce duk ɗaya ne."

"Ni ma na daina ganewa. To in haƙura da karatun?"

Wannan ce ta farkar da shi, don kishi kunne yake fara toshewa. Ya rubuta: "A'a, Malamata. Ba da ni za a yi wannan ba." Washegari ya tura kawunsa, Alhaji Ja'afaru, dillalin hatsi, wajen Malam Shafi'i.

"Malam," in ji Alhaji bayan gaisuwa, "motar Bici ta ina take bi?"

"Ta Dawanau mana."

"To da rani yaron nan a rumfata yake awo a Dawanau, kuma akwai ɗaki a gidana."

"Da damina fa?"

"Shi zai riƙa shan hanya tsakanin gona da Dawanau. Ƙafarsa ta saba."

Malam ya daɗe yana shafa gemu. "Ni dai miji na ce, ban ce mijin Bici ba." Ya kira Nazira ya tambaye ta. Ta rufe fuska da mayafi.

"Baba, Bici. Amma ta Dawanau."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ranar da za ta fara karatu, ango ya miƙa mata tuffa ɗaya.

"Ki ga kamarsa, Malamata, kafin ki cire shi daga littafin."

Ta gatsa, ta ba shi saura. Allah ya bar su tare, ya albarkaci gonar da karatun.