Maganin Hawan Jini

Ranar da Mardiya ta fara ganin Zaharaddin, Tramol ya zo nema a farmasin da take aiki a Garwa.

"Babu ordonans, takardar likita, ba zan ba ka ba," ta ce a hankali. "Yaushe rabonka da barci?"

Shekara uku ke nan da ya gudo daga Kolofata, bayan an kashe yayansa a gabansa. Yana haya da moto, wato babur, a garin da kullum yake ƙara faɗi da cika, amma ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya je. Duk wata yana zuwa karɓar magani, hira na ƙara tsawo, har ta koma waya.

"Likitata, jiya sai da ladan ya tashe ni. Karon farko na yi mafarkin mai rai. Ke ce."

"Alhamdulillahi, Dinina. Kar dai ka daina sha."

Da ya aiko neman aure, mahaifinta Malam Muhaimin ya ƙi. An gaya masa ana ganin yaron a sashen mahaukata.

"Ba zan ba mai taɓin hankali 'yata ba."

Mardiya ta sunkuyar da kai. Tana da amsa, amma sirrin majinyaci ne. Tun da aka rushe shagon Babanta don faɗaɗa titi ya daina cin abinci da magana, likita ya ɗora shi a kan wata ƙwaya. Ita ke kawo masa. Baban ne ya ce a gaya wa mutanen gida maganin hawan jini ne.

Zaharaddin ya zo da kansa bayan la'asar, ya durƙusa, ya ajiye wani kwali a kan tabarma.

"Baba, ba zan ɓoye muku ba. Wannan nake sha. Ba don shi ba, da tuni na faɗa kogin Binuwai."

Tsohon ya ƙura wa farin kwalin ido. Irinsa ne a ƙarƙashin matashinsa.

"Yana busar maka da baki?" ya tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"Sosai, Baba."

"Ka riƙa shan ruwa da yawa. Ni ma haka nake yi."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Malam Muhaimin ya dafa kan ango, ya dafa na amarya da take kuka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba mu sauƙi, ni da ɗana."